Manomin da ke sayar da ɗanye, wani ke yanka masa farashi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai kai mu ƙasar Kanada, lardin Manitoba, garin Portage la Prairie. A can ne kamfanin Roquette na ƙasar Faransa ya gina masana'antar da ke tatsar sinadarin furotin daga wake nau'in fis mai launin rawaya. An sanar da aikin a 2017 kan dalar Kanada miliyan 400, kafin a gama kuɗin ya kai miliyan 600, aka buɗe ta a 2021. Tana iya cinye tan 125,000 na fis a shekara.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne yadda wasu ke ta cewa wannan kuɗi an zuba shi a rijiya. Hujjarsu ita ce kasuwar naman da ake yi da tsirrai, wanda ake sa irin wannan furotin a cikinsa, ta yi sanyi, hannun jarin kamfanin Beyond Meat mai yin irin wannan nama ya faɗi warwas, kuma wata masana'antar furotin a Winnipeg, babban birnin lardin, mai suna Merit Functional Foods, ta durƙushe a 2023 duk da tallafin gwamnati. Duk wannan ya faru, ban musa ba. Amma wanda ya tsaya a nan bai taɓa zama da manomi ranar da farashi ya karye ba.

Kanada tana noma fis kusan tan miliyan 3 a shekara, kuma mafi yawansa ɗanye ake loda shi a jirgin ruwa. Manyan masu saye biyu ne, Indiya da Sin. A watan Nuwamba na 2017 Indiya ta ɗora harajin kashi 50 cikin ɗari a kan fis, kasuwa ta rufe a dare ɗaya. A watan Maris na 2025 Sin ta ɗora nata, kashi 100 cikin ɗari, domin ramuwa kan harajin da Kanada ta sanya wa motocin Sin masu aiki da lantarki. To, don Allah, me ya haɗa manomin lardin Saskatchewan na Kanada da motar lantarki? Ya shuka, ya girbe, rumbu ya cika, sai wasu a Beijin suka yanka masa farashi. Wanda ke sayar da ɗanye, wani ke yanka masa farashi, kuma haka zai ci gaba da zama.

Ku duba abin da ke faruwa cikin masana'antar. Mota ta sauke fis, a tsaftace shi, a ɓare, a niƙa, a dama da ruwa, sannan a raba shi gida uku: furotin, sitaci, da dusa. Furotin ɗin a busar da shi ya koma gari mai laushi. Cikin buhu guda, furotin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sitaci kuwa kusan rabi ne. Nan lissafin yake. Masana'antun lardin Shandong na Sin sun daɗe suna sayen fis ɗin Kanada, su yi taliyarsu da sitacin, su mayar da furotin ɗin zuwa Amurka da Kanada da arha, domin sun riga sun fanshe kuɗinsu a taliya. Sai a 2024 ƙasashen biyu suka farka suka sanya wa wannan furotin haraji. Wato fis ɗinka ne, ya tsallaka teku sau biyu, ya dawo ya kashe maka masana'anta. Abin takaici!

Ba zan ɓoye muku inda nake da shakka ba. Tan 125,000 cikin miliyan 3 cikin cokali ne, bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Kuma masana'antar ba ta manoma ba ce, ta wani kamfanin iyali ce daga Faransa, ribar can za ta tafi. Ga kuma cutar ruɓewar saiwa da ke tilasta wa manomi ya bar gona shekara shida zuwa takwas kafin ya sake shuka fis a cikinta.

Amma manomin da ya sa hannu a kwangila tun kafin shuka ya san mai saye, ya san farashi, motarsa awa kaɗan za ta yi a hanya. Fis ɗin kuma, kamar waken da muka sani, yana barin taki a ƙasa, alkamar da za ta biyo baya ta amfana. Ma'aikata kusan 120 suna cin abinci a masana'antar. Idan masana'anta ɗaya ta yi kaɗan, sai a ƙara, a nemo wa sitacin kasuwa, a bai wa manoma hannun jari a ciki. Masu cewa a dakata su gaya mana wanda zai saye fis ɗin ranar da Indiya ko Sin ta sake rufe ƙofa.