Kashin Dankali A Tsakanin Ƙasashe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka.

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Farin Gada a nan Jos ya san yadda ake kasa dankali: ƙanana a ƙasa, manya a sama sun danne su. Abin da ya faɗo min a rai ke nan shekaranjiya da dare, a teburin wani mai shayi da ke kan titin Bauchi, inda gardama ta kaure kan yaƙin Rasha da Yukren. Wani dattijo, tsohon direban tirela, ya ajiye kofinsa ya ce wa wani matashi, "Yaro, idan maƙwabcinka ya gayyato abokin gabarka ya girke bindiga a jikin katangarka, naɗe hannu za ka yi?" Matashin ya ce, "Baba, to shi wanda aka rushe wa gida fa, ba shi da haƙƙi?"

Maganar Baba tana da tushe, kada mu yi mata riƙon sakainar kashi. Ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi ta matsowa gabas: Poland da Hungary da Czech sun shiga a 1999, ƙasashen Baltic uku da ke da iyaka da Rasha suka bi a 2004, sannan a taron Bucharest na 2008 aka ce wata rana Yukren da Jojiya ma za su shiga. Ita kanta Amurka ba ta taɓa lamuntar irin wannan a ƙofar gidanta ba. A 1962 saura ƙiris duniya ta kama da wuta saboda makamai masu linzami da Tarayyar Sobiyet ta kai Kuba. A ƙarshen 1989 sojojin Amurka suka kutsa Panama, a farkon 1990 suka kamo shugaban mulkin sojan ƙasar, Manuel Noriega.

Sai dai laifin wani ba ya wanke na wani. A 1994 Yukren ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada, Rasha da Amurka da Birtaniya suka sa hannu a Budapest cewa za su mutunta iyakokinta. Bayan shekara 20 Rasha ta haɗiye Kirimiya, ranar 24 ga Fabrairun 2022 kuma ta shiga da tankoki gaba gaɗi. Alkawari aka karya, kuma ni a ganina tsoron da babba yake ji bai ba shi ikon taka gonar ƙarami ba. Shi ya sa na gamsu da kasancewar Najeriya cikin ƙasashe 141 da suka yi tir da mamayar a Majalisar Ɗinkin Duniya. To me aka samu? Finland, wadda ta shafe shekaru tana 'yar ba-ruwanmu, ta shiga NATO a 2023 da iyakarta da Rasha mai tsawon fiye da kilomita 1,300. Sweden ta biyo baya a 2024. Abin da ake gudu, shi aka jawo har bakin ƙofa.

Mu ma mun ɗanɗana kuɗar wannan yaƙi, a kuɗin fulawa da burodi, da kuma buhun takin da ya gagari manoman dankali a Bokkos da Mangu.

Amma abin da ya fi damuna a gardamar shi ne, daga Baba har matashin babu wanda ya tuna cewa a wannan yanki namu, mu ne babban dankalin. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum a Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tchiani, wa'adin mako guda: ko ya mayar da mulki, ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da Nijar ta dogara da ita. Ba na goyon bayan juyin mulki, kuma tsare zaɓaɓɓen shugaba zalunci ne. Amma ku tambayi kanku, wa ya kwana a duhu? Janar-janar ɗin da ke fada, ko majinyacin da ke kwance a asibiti a Yamai? Motocin albasa da na dabbobi suka yi cirko-cirko tsakanin Illela da Ƙonni, tsakanin Jibiya da Maraɗi, kaya na ruɓewa a rana. Jihohinmu 7 ne ke jingine da Nijar, daga Kebbi har Borno. Mutumin Daura yana da ƙanin uba a Zinder, amarya ana ɗauko ta daga Magarya a kawo Maigatari. Wa za a harba, in an ce a harba?

Allah ya sa aka samu masu taka birki. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da matakin soja. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka yi ta kai gwauro su kai mari, Muhammadu Sanusi na II ya gana da Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta je Yamai. Ba a yi yaƙin ba, amma barazanar kaɗai ta yi ɓarnarta. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba. A Afrilun shekarar masu horas da soja na Rasha suka sauka a Yamai, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Mun nemi riƙe maƙwabci da ƙarfi, ya kuɓuce, wani daga nesa ya samu wurin zama.

Na san za a ce min ai sojojinmu sun shiga Laberiya a 1990, sun mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. Haka ne, kuma jinin da 'ya'yanmu suka zubar a can abin girmamawa ne. Amma can wuta ce ta riga ta tashi aka je kashewa. A Nijar mu ne muka kusa kunna ta.

Don haka matasan da suka ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna lokacin zanga-zangar Agustan 2024, ina roƙonku ku sake tunani. Wanda ya ji zafin barazanar da aka yi wa Nijar, bai kamata ya tafa wa wanda ya aikata fiye da haka a Yukren ba. Wanda kuma ya la'anci Rasha, kada ya yi shiru in Amurka ko Faransa ko Najeriya ce ta ɗauko sanda.

Ga mahukunta a Abuja kuwa, akwai ayyukan da suke jira. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, a kammala shi. Nijar na gina madatsar ruwa ta Kandadji a kan Kogin Kwara, ruwan da yake gangarowa Kainji da Jebba, dole a zauna a yi magana a kai. Ga kuma 'yan bindigar da ke tsallaka iyaka tsakanin Sakkwato da Tawa, waɗanda babu ƙasar da za ta iya da su ita kaɗai.

A huta lafiya.