Bishop Shanahan da Ajin da Babu Malami

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka.

Kusan kowane mako sai an nuna mana wani gwamna ko kwamishina yana yanke ƙyalle a ƙofar sabon ginin makaranta. Fenti na sheƙi, kwano sabo fil, ga maroƙa ga 'yan jarida. A bari a kwana biyu a koma a leƙa ta taga. Yara ne dankam a ƙasa, allon bango fes, ko ɗigon alli babu. To wai bulo ne ke koyar da karatu?

Wannan takaici ne ya sa yau na ɗauko tarihin wani limamin Katolika, Bishop Joseph Shanahan, mutumin ƙasar Ailan. An haife shi a 1871, ya sauka Anaca a bakin Kwara a 1902, kuma a 1905 aka damƙa masa ragamar mishan ɗin yankin. Abin da ya tarar bai taka kara ya karya ba. Tun 1885 limaman Katolikan da suka riga shi suke fansar bayi da kuɗin da ake aiko musu daga Turai, su tara su a unguwa guda, sauran gari kuwa na yi musu kallon tarkace. Shanahan ya ce wannan hanya ba ta ɓullewa. Ya karkata ƙarfinsa kan makaranta, har sai da ya yi ta ja-in-ja da manyansa na Roma kan kuɗin fansar bayi da yake son zubawa a karatun yara.

Ku saurari yadda ya yi, don a nan maganar take. Yakan taka da ƙafa, ko ya hau keke, ya shiga ƙauye, ya zauna da dattawa. In sun yarda, su za su kwaɓa ƙasa su tada ɗaki, su yi jinka, su haɗa abin da za a biya malami. Shi kuma nasa shi ne ya kawo malamin. Ranakun mako ɗakin nan aji ne, ranar Lahadi coci. Ba kwangila, ba kaso goma na wani. Ɗakin jinka ne da mutum guda a gaban allo wanda ya san abin da ya zo yi. Yaran da suka fi hazaƙa a ware su, a horar da su, a tura su ƙauye na gaba su buɗe wani ajin. A haka karatun boko ya mamaye ƙasar Ibo. Malami ya fara nema, gini ya biyo baya.

A 1920 aka naɗa shi bishop. Da ya ga 'ya'ya mata na baya, a 1924 ya kafa ƙungiyar sistoci ta Holy Rosary a Killeshandra ta Ailan, don a samu mata masu koyar da mata. Kun ji, nan ma malamai ya nema.

Na san abin da wani zai ce: ai don yaɗa addininsa ya yi. Ƙwarai kuwa, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba, kuma gasa da 'yan mishan na CMS, wato na cocin Anglika, na cikin abin da ke zaburar da shi. Sai me? Ba wa'azinsa na ce a karɓa ba, tsarinsa na ce a duba. Mu da muka gaji makarantar allo, inda malami guda a zaure ko gindin bishiya ke yaye ɗaruruwan almajirai, mu za a koya wa cewa malami ne makaranta?

Ban ce makarantun nasa duka na kirki ba ne. Da yawa karatunsu sama-sama ne, bulala ta fi bayani yawa, har gwamnatin Turawa ta yi dokar ilimi a 1926 don taka wa irin waɗannan makarantun daji birki. Amma yaron da ya fito daga can yana iya karanta wasiƙa ya rubuta amsa. Nawa ne cikin 'yan aji shida na yau za su iya?

Wani kuma zai ce ai Turawa ne suka hana 'yan mishan shiga masarautun Arewa, shi ya sa aka bar mu a baya. Haka ne, an yi. Amma Turawa sun tafi tun 1960. Har yaushe za mu riƙa rataya wa Gwamna Lugga laifin ajin da babu malami?

Shanahan ya ajiye aiki a farkon shekarun 1930, ganinsa ya yi rauni, ya rasu a Nairobi ranar Kirsimeti ta 1943. A 1956 mutanen Anaca suka sa aka dawo da ƙasusuwansa, aka sake binne shi a babban cocin garin. Bayan yaƙin basasa, a 1970, gwamnati ta ƙwace makarantun mishan a Gabas. Shekara arba'in da ɗoriya bayan haka, a 2011, gwamnatin Peter Obi ta Anambra ta mayar wa coci-coci makarantunsu. Gwamnati ta iya karɓe gini, amma riƙon malami ya gagare ta.

Mu dawo gida. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi. Aka yi ta cacar baki kan kora, amma wa ya tsaya ya tambayi wanda ya horar da su, da wanda ya ɗauke su aiki da takardar ɗan siyasa? An rushe kwalejojin horar da malamai na Gired Tu. Albashi sai an yi yajin aiki. Kuma hukumar JAMB ta shafe shekaru tana sanya maki 100 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga kwalejin ilimi. Wato wanda jami'a ta ƙi, shi muke miƙa wa alli mu ce ya koyar da 'ya'yanmu. Haba jama'a!