Ɗan Ƙonni a Sakkwato: kalkulas, waya mita 40 da garkar Baba

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da asuba. Ku yi haƙuri da duhun nan, an ɗauke wuta tun tsakar dare, 'yar fitila mai caji ce ke haska mu. Mutanen Ƙonni, na Tawa, na Galmi da Madawa, ina gaisuwa. Wai ni ne ɗan ƙasar waje! Daga gidanmu zuwa Illela ɗan gudu ne kawai a kan babur, daga Illela zuwa nan Sakkwato kuma bai cika kilomita 100 ba. A kasuwa Hausa ake yi, a masallaci Hausa ake yi, furar ma irin tamu ce. Amma kuɗin aljihuna ya tashi daga sefa ya koma naira, allon aji kuma ya bar Faransanci ya koma Turancin Ingila. A gaban allon nan ne na san cewa lallai baƙo nake.

Bari in juyo da kyamara. Ga tabarma, ga kaye na, wato abin da mutanen nan ke kira littafin rubutu, ga bik, wato biro. Jibi muna da gwajin kalkulas, wato lissafin yadda abu ke canzawa. Wannan takardar da ke manne a bango kuwa ta gwajina na farko ce a sashen lissafi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ku matso ku gani: 7 cikin 30. Ni da na fito daga lise, wato babbar sakandare, da bakaloriya, shaidar gama ta, ta ɓangaren lissafi, ana nuna ni da yatsa a unguwa. Na manna ta nan don duk ranar da kai ya fara kumbura in ɗaga ido.

Kuma laifin duk nawa ne. Duba nan, na rubuta 2,5 ina nufin biyu da rabi, don haka muke yi a gida, waƙafi muke sawa. Su a nan ɗigo suke sawa, 2.5, waƙafi kuma ya raba lambobi biyu ko ya ware dubbai. Sai amsata ta zama tamkar na ce biyu da biyar. Ga wata: idan muna son mu ce duk lambobin da ke tsakanin 0 da 1 ban da su kansu, mukan juya baka mai kusurwa ta ba lambobin baya. Malam ya zagaye ta da jan biro ya sa alamar tambaya, don su baka mai lanƙwasa suke amfani da ita. Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta sifili. A lissafin Faransawa in an ce lamba "fozitif" ce, sifili na ciki, sai an ƙara wata kalma kafin a fitar da shi. A na Ingilishi tun farko ba ya ciki. Sifili ɗaya tal, wanda ba komai ba, ya ci mini maki huɗu.

Ranar da na je neman bayani kuma na ƙara wata. Na yi sallama a ofis na ce, "Mushe, don Allah ina da tambaya." Mu a gida malamin lakwal ke nan, girmamawa ce. Ɗaliban da ke bakin ƙofa suka fashe da dariya, ɗaya har da riƙe ciki. Malamin ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Ɗan Nijar ne kai ko? Zauna. Amma ka bari in mutu tukuna." Har yau in mun haɗu a hanya sai ya ce ga mushenka nan yana gaisuwa.

To, mu koma kan abin da ya tashe ni da asuba. Wani ƙanena da ke shirin bakaloriya ya ce in faɗa masa da Hausa mene ne wannan "deribe" da muke wahala a kai, wanda mutanen nan ke ce wa dirabatif. A ce ka yi tafiyar kilomita 90 cikin awa ɗaya da rabi. Kowa zai ce gudunka 60 ne a awa. Amma ai ka tsaya a shingen bincike, ka rage gudu a rami, ka taka sosai inda hanya ta yi kyau. Allurar da ke gaban direba ba ruwanta da tafiyar gaba ɗaya, gudun wannan ƙiftawar ido take nunawa. Tambayar ita ce, ta yaya za a auna gudu a lokacin da ba shi da tsawo? Ba ka yi tafiya ba, agogo bai motsa ba, sifili bisa sifili ke nan.

Ga dabarar, ku dubi bik ɗina. Ɗauki x sau x, mu tsaya a kan 3, ya ba mu 9. Mu gusa kaɗan zuwa 3.1, ya ba mu 9.61. Ƙarin da aka samu 0.61 ne, a raba shi da gusawar da muka yi, 0.1, sai a sami 6.1. Mu rage taku, mu je 3.01: a sami 6.01. Mu je 3.001: a sami 6.001. Kun ga inda ya dosa? Shida, shi ne dirabatif ɗin a kan 3. Ba mu taɓa raba komai da sifili ba, muna dai matsowa muna kallon inda lambar ta sa gaba. Wannan wurin da ta dosa shi ne iyaka, kuma duk ginin kalkulas a kansa yake zaune.

Ba ƙaramin rikici aka sha a kan wannan ba. Isaac Newton ya gano hanyarsa wajen 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij ya koma ƙauyensu. Gottfried Leibniz, Bajamushe, ya gano tasa daban, ya riga Newton bugawa a 1684, daga baya magoya bayansu suka yi ta zargin juna da sata. A 1734 wani limamin coci, George Berkeley, ya yi musu ba'a cewa suna raba abu da wani ɗan mitsitsi, in sun gama kuma su ce mitsitsin babu shi. Kuma yana da gaskiya a lokacin. Sai da Cauchy ya zo a 1821, Weierstrass ya biyo baya, sannan aka ɗaure maganar iyaka da efsilon da delta, haruffan Girkanci da ake auna kusanci da su. Wato manyan nan sun yi kusan shekara 150 suna cin tuwon kafin su san yadda aka tuƙa shi. Mu kuma ana so mu haɗiye shi cikin mako uku.

Wani abu da ƙetare iyaka ya ba ni: a lise in za a nuna dirabatif kusan kullum f muke rubutawa da 'yar wutsiya a samanta, rubutun Lagrange. A nan dy bisa dx suka fi so, na Leibniz. Da farko na ƙi jininsa, yanzu kuwa ko a mafarki shi nake rubutawa, domin ya fi faɗin gaskiyar abin. Ɗauki ƙa'idar sarƙa, wadda na haddace shekara biyu ban san dalilinta ba. Ranar da na tsaya gaban ɗan canji a Illela na gane ta. In kana son sanin sefa nawa ke dalar Amurka ɗaya, alhali abin da ka sani shi ne sefa zuwa naira da naira zuwa dala, ai sai ka ninka farashin biyu, naira ta fice a tsakiya. Haka dy bisa du, sau du bisa dx. Ɗan canjin bai san sunan Leibniz ba, amma sau ɗari yake yin wannan a wuni.

An kira salla. Bari in tsaya nan, sai mun haɗu da la'asar.

Yauwa, mun dawo. Iska na kaɗawa, ku yi haƙuri da ƙarar. Nan Kwalkwalawa ne, kan hanyar shiga jami'a, ga gulbin Rima can, ga masu kifi a bakin titi. Duk koren da kuke gani fadama ce, albasa da tattasai da sauransu. Ɗan Galmi in ya zo nan ba zai yi kewar gida ba. Akwai wani dattijo da nake saye wurinsa, ya ce kada in nuna fuskarsa, hannuwansa kawai za ku gani.

Makon jiya ya nuna mini wata waya da ɗansa ya kawo masa, mita 40, yana son ya kewaye wurin renon iri a bakin ruwa saboda awaki. Ni kuwa zuciyata ta yi fari, don wannan ita ce tambayar da ke cikin kowane littafin kalkulas, ga ta yau da ƙafafunta. Na ce, "Baba, ku bar mini wannan." Ya ce, "To ɗan Faranshi, mu ga bokon."

Ga shi zan zana a ƙasa da tsinke. Gefen ruwa ba ya son shinge, saura gefe uku. Faɗi mu kira shi x, guda biyu ne, don haka tsawo ya zama 40 a cire 2x. Girman fili shi ne faɗi sau tsawo, wato 40x a cire 2 sau x sau x. In faɗin ya yi kaɗan, fili ya zama siriri kamar hanyar tururuwa. In ya yi yawa, tsawo ya ƙare. A tsakani akwai ƙololuwa, kuma a kan ƙololuwa ba hawa ba gangara, dirabatif sifili ne. Dirabatif ɗin shi ne 40 a cire 4x. A daidaita shi da sifili, x ya zama 10. Faɗi mita 10, tsawo mita 20, fili murabba'in mita 200. Mai shakka ya gwada 9 da 22, zai sami 198. Ya gwada 11 da 18, 198 ne dai. In dai faɗi da tsawo ne irin na zanen nan, ba inda za ka juya wayar nan ta ba ka fiye da 200.

Na gama ina jiran yabo. Ku ji abin da ya ce, na roƙe shi ya maimaita.

"Lissahinka ya yi kyau, ɗana. Amma wanga ruwa da kake gani, nan da wata biyu ina shi ke? Ya janye. Shanu ta nan za su biyo su shigo. Wa ya ce maka gulbi shinge ne?"

Jama'a, shiru na yi. Babu kuskure ko ɗaya a cikin dirabatif ɗina, kuskuren na cikin jimlar farko da na faɗa da bakina ban tambayi kowa ba, wai gefen ruwa ba ya son shinge. A littafi gulbi miƙaƙƙen layi ne da ba ya motsi. Na Baba yana cika da damina, yana ja da baya da rani, a 2010 ma ambaliya ta yanke hanyar nan ta raba jami'a da gari. Muka sake lissafi da gefe huɗu: 10 da 10, murabba'in mita 100. Rabi cif. Baba ya ce da ma haka ya yi niyya, sai dai gefen ruwan ƙaya zai sa, ta fi waya arha, in ruwa ya tafi da ita ba a yi asara ba. Kun ga ya dawo da 200 ɗinsa ta hanyar da ba ta cikin manhajarmu.

Ya cika mini leda da albasa, ya hana ni biya.

Dare ya yi, mun dawo ɗaki, wuta ta zo. Abokin ɗakina, Basakkwace ɗan sashen kimiyyar sinadarai, yana can yana yanka albasar Baba a kan taliya, in kun ga ina hawaye ba kalkulas ba ne. Abin da ya rage mini shi ne intigiral, wanda muke ce wa "firimitib" in ana neman asalin da aka fito. Wannan alamar mai kama da ƙugiya harafin S ne da aka ja, Leibniz ya fara rubuta shi a 1675, daga kalmar Latin mai nufin jimla. Yanka abu ake yi siriri siriri kamar yadda abokina ke yi yanzu, a tara yankan. Kuma tun kafin su Newton da shekara ɗari shida da wani abu, Ibn al-Haisam a Alƙahira ya samo hanyar tara lambobi masu ƙarfi huɗu, irin su 2 sau 2 sau 2 sau 2, don ya auna cikin wata siffa mai kama da ƙwarya. Na so a ce an faɗa mana wannan tun a lise.

Masu tambayata ko manhajar waya ba ta isa ba, tunda kana ɗaukar hoton tambaya take ba ka amsa har da matakai: na gwada, wata guda cur. Kana kallo kana gyaɗa kai kamar ƙadangare, ka ga komai a fili. Ranar gwaji sai ka tarar kanka ya gane, hannunka bai sani ba. Yanzu sai na yi minti 20 ina kokawa da tambaya kafin in leƙa, in na leƙa kuma layi ɗaya kawai, in rufe in ci gaba. Ranakun Asabar mu biyar muke zama ƙarƙashin dogon yaro kusa da laburaren Abdullahi Fodiyo da tsofaffin takardun jarrabawa, kowa ya tashi ya yi bayani da Hausa. Wanda ya maƙale a Hausar, ya koma Turanci yana jero kalmomi, nan take muke gane haddacewa ya yi.

Ga tambaya ta huɗu a takardar bara: intigiral na x sau e mai ƙarfin x, e kuwa wata sananniyar lamba ce a kalkulas. Kashi biyu za a yi mata, x ya zama u tunda dirabatif ɗinsa 1 ne, saura ya zama dv. Sai a sami x sau e mai ƙarfin x, a cire e mai ƙarfin x. Shi ke nan.

Me ka ce? Kai, ya yi gaskiya, daga bakin risho ya hango. Na manta da C, tsayayyar lambar da ake ƙarawa a ƙarshen irin wannan amsa. Ban bik ɗin nan in ƙara ta, kai kuma rage mini taliyar.