Kafin a ja igiya a gonar unguwa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya bi ta gefen Kano a 'yan shekarun nan, ta wajen Kumbotso ko Ungogo ko hanyar Gezawa, ya ga abin da idonsa. Gonar da bara aka girbe dawa a cikinta, bana an wayi gari da mutum uku ko huɗu, ɗaya riƙe da igiya, ɗaya da turaku, dillali na gefe yana ta waya. Kafin damina ta zagayo an yanka ta fuloti-fuloti, tifofi sun fara zube yashi. Mutanen unguwa kuwa sai kallo, har ranar da ruwan sama ya rasa hanya ya shigo musu ɗaki. Ran nan ne ake neman mai unguwa, bayan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

To, yaya gona ke zama rukunin gidaje? Tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Filaye ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke riƙe da shi izinin zama ne, kuma takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa, wadda aka fi sani da C of O, galibi ta shekara 99 ce idan gidan zama ne. Saboda haka mai kamfanin gina gidaje na gaskiya yana da matakan da zai bi. Zai sayi filin, ya sa a yi masa safiyo, ya zana taswirar da ke nuna tituna da magudanan ruwa da wuraren jama'a, ya kai wa hukumar tsara birane, wato KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, sannan ya yi rajista a hukumar da ke adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna. Kuɗin aikin kuwa ba kasafai yake fitowa daga aljihunsa kaɗai ba. Ko dai bashin banki ne, ko kuɗin mutanen da suka biya tun gidan yana kan takarda. Shi ya sa kullum yake cikin sauri, shi ya sa kuma hayaniya da mutanen gari ita ce abin da ya fi tsoro.

A wurin taswirar nan ne ribar take, a nan ne kuma cutar take. Eka ɗaya, in an fitar da titi yadda ya kamata, za ta ba da kamar fuloti 6 masu ƙafa 50 da 100. Mai awon igiya zai matse lungu, ya haɗiye filin makaranta, ya cike kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, ya fitar da fuloti 8 ko fiye. Ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. Waɗanda suka rage su ne za su zauna a lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, inda ko makara sai an karkata ta kafin a fita da gawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne halin da manomi ke shiga. Idan gwamnati ce ta karɓi fili don amfanin jama'a, doka ta ce a ba shi sanarwa, a kuma biya diyya, amma diyyar ta abin da ke kan ƙasar ce: amfanin gona, itatuwa, gini, rijiya. Ƙasar kanta ba ta cikin lissafi. Idan kuma ɗan kasuwa ne ya zo, yakan bi magada ɗaya bayan ɗaya, ya samu wanda bashi ya sha wa kai ko mai shirin aurar da 'ya, ya saya da araha. Sau da yawa 'yan'uwa mata ba su jin labarin an sayar da gadonsu sai sun ga harsashin gini. Wannan zalunci ne, ko da an kira shi ciniki.

Jama'a, akwai abin yi, amma fa da wuri. Ranar da aka ga baƙi da na'urar awo, ranar ya kamata dattawa da matasa da matan unguwa su zauna da mai unguwa da dagaci, su fitar da wakilai. A nemi ganin taswira da hatimin hukuma a kanta, kada a yarda da "ai an gama komai a ofis". A tambayi ina makaranta, ina asibiti, ina maƙabarta, ina ruwa zai bi, ina burtalin da shanu suka saba wucewa. Masu gona su haɗa baki, su nemi a ba su kaso na fulotai a maimakon kuɗi zalla, domin kuɗi na narkewa a hannu, fuloti kuwa sai ƙara daraja yake idan titi ya iso. Duk alkawarin da aka yi, na rijiyar burtsatse ne ko na ɗaukar yaran unguwa aikin gini, a rubuta shi gaban lauya da shaidu. Idan aikin babba ne, dokar 1992 ta wajabta binciken tasirinsa ga muhalli, kuma ana baje rahoton don jama'a su duba su faɗi ƙorafinsu.

Mai saye ma ya yi hattara. Sa hannun mai unguwa shaida ce ta cewa an yi ciniki, ba ita ce takardar gwamnati ba. Mun ga yadda rusau ya auka wa shaguna da gine-gine a Kano cikin watan Yunin 2023, ciki har da na Filin Idi, kuma da yawa daga masu su suna riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. In haka ta faru da mai takarda, ina ga wanda rasit ɗin dillali kaɗai ke aljihunsa? Kafin ka biya ko sisi, ɗauki lambar filin ka je ma'aikatar ƙasa a bincika maka sunan wa ke cikin fayil, a kuma gaya maka ko wurin na zama ne ko hanya ce aka tsara za ta ratsa ta kansa.

Wassalamu alaikum.