Wasiƙar mamaci: yadda finafinan soyayya ke nuna rayuwa bayan rasuwar miji ko mata

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau zamu duba wani irin fim ɗin soyayya da mutuwa ke zuwa tun a farkonsa, wato miji ko mata ɗaya ya rasu, sai labarin ya koma kan wanda aka bari da yadda zai ci gaba da rayuwa har ma watakila ya sake son wani.

A fim ɗin soyayya da muka saba dashi, abinda ke raba masoya a fili yake, ko uba mai kuɗi ya ce a'a, ko kishiya, ko wani mugu can gefe. To a nan babu mugu. Abinda ke tsare mutum a cikin ransa yake, yana jin kamar idan yayi dariya ko zuciyarsa ta karkata ga wani to ya ci amanar wanda ke kabari. Kuma shi mamaci ba'a rigima dashi, ba zai dawo ya ce na yafe ba, sannan kullum kirkinsa kaɗai ake tunawa. Wannan shine ƙullin da marubucin fim ɗin yake neman kwancewa cikin awa biyu ko uku, kuma dabarar da suka fi yawan kamawa itace wasiƙa.

Mu fara da wanda kusan duk mai kallon Indiya a Kano ko Zinder ya sani, Kuch Kuch Hota Hai na 1998 wanda Karan Johar ya shirya. Tina, wato Rani Mukerji, ta san haihuwar nan ba zata barta ba, sai ta rubuta wasiƙu 8 ta damƙa wa uwar mijinta, duk ranar zagayowar haihuwar yarinyar a bata ɗaya. A ta takwas ɗin ne take gaya wa 'yarta labarin Anjali, tsohuwar ƙawar babanta ta kwaleji, ta kuma ɗora mata aikin haɗa su. Kun ga abinda aka yi ko? Rahul, wato Shah Rukh Khan, bai nemi aure da kansa ba, matarsa da ta rasu ce ta zaɓa masa, 'yarsa ce ta yi zirga-zirgar, don haka babu mai kallon da zai ce masa maci amana.

A Amurka ma haka. P.S. I Love You na 2007, wanda aka ɗauko daga littafin marubuciyar Ireland Cecelia Ahern, Gerry ya rasu da ciwon ƙari a ƙwaƙwalwa ya bar matarsa Holly tana kulle a ɗaki, tana ta kiran wayarsa don kawai ta ji muryarsa da aka naɗa. Ranar da ta cika shekara 30 sai ga kek da kaset daga wajensa, daga nan wasiƙu suka rinƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, ki fita, ki yi waƙa, ki je Ireland, har ta ƙarshe da yake ce mata kar ta ji tsoron sake soyayya. Abinda na yaba a fim ɗin shine basu yi gaggawar aurar da ita ba, ta dai samu sana'ar zanen takalma ta shirya da mahaifiyarta, ƙofa a buɗe amma ba'a tura ta ciki ba.

Sleepless in Seattle na 1993 shi babu wasiƙar mamaci, amma Tom Hanks ya fito a matsayin wanda matarsa ta rasu, ɗansa mai shekara 8 ne ya kira gidan rediyo ya ce babansa na buƙatar mata, kun ga dai nan ma wani ne ya buɗe masa hanya.

Ni dai gaskiya wannan dabarar tana sa ni hawaye, amma kuma tana damuna, domin yawancin mutane mutuwa bata basu sanarwa. Mutum ya fita kasuwa da safe, hatsari a hanya, shikenan, babu wasiƙa babu sallama, wani ma da ɗan saɓani suka rabu a daren jiya. Ita wannan matar waye zai bata izini? Shi yasa fim ɗin da na fi girmamawa a wannan fannin tsoho ne na Faransa, Un homme et une femme na 1966 wanda Claude Lelouch ya shirya, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes ta shekarar da kuma Oscar guda 2. Anne mijinta ya rasu a hatsari wajen ɗaukar fim, Jean-Louis direban tseren mota ne shima matarsa ta rasu, 'ya'yansu na makarantar kwana ɗaya a garin Deauville, ranar da jirgin ƙasa ya wuce ya barta shine ya rage mata hanya zuwa Paris. Soyayya ta ƙullu a hankali, ita da kanta ta fara furtawa, amma da suka kaɗaice sai tunanin mijinta ya taso mata ta kasa, ta nuna masa cewa a wajenta fa mutumin nan bai mutu ba tukuna. Tana son sabon da gaske, kuma tana son tsohon da gaske, duka a lokaci ɗaya, kuma babu takardar da zata zo ta warware mata, ita zata yanke.

Masana halayyar ɗan adam ma nan suka fi karkata. Da yawa kun ji labarin matakai 5 na baƙin ciki da Elisabeth Kübler-Ross ta kawo a 1969, daga ƙin yarda har zuwa sallamawa, to ita asali marasa lafiyan da ke dab da mutuwa ta yi nazari a kansu. A 1999 Margaret Stroebe da Henk Schut na jami'ar Utrecht a Holan suka ce wanda aka yi wa rashi kai-komo yake yi, yau yana kuka da kayan mamaci a hannu, gobe yana lissafin kuɗin makarantar yara har yayi dariya, jibi kukan ya dawo, kuma wannan ɗin lafiya ne. Fim kuwa yana son hanya miƙaƙƙiya saboda lokaci, sai a saka waƙa ɗaya a nuna damina ta wuce rani ya zo, wai an warke.

Sai kuma bambancin namiji da mace, wanda ba zan iya tsallakewa ba. Namiji in matarsa ta rasu a fim kowa tausayinsa yake, uwa da 'ya da maƙwabta duk sun tashi nema masa mata. Mace kuwa sai ta yi yaƙi. Ku duba Prem Rog na Raj Kapoor, 1982, yarinya ce mijinta ya rasu 'yan kwanaki bayan biki, aka saka mata fararen kaya har ana shirin aske mata kai, wanda ke sonta kuma ya zama abokin gaban dangi gaba ɗaya, alhali dokar da ta halatta wa bazawarar Hindu sake aure tun 1856 aka yi ta, shekara 126 kafin fim ɗin. A Baabul na 2006 ma sai da surukinta, Amitabh Bachchan, ya tsaya da ƙafarsa kafin a yarda matar ɗansa ta sake aure.

Mu a wajenmu addini ya yanke magana, takaba wata 4 da kwana 10, ko zuwa haihuwa ga mai ciki, bayan nan tana da 'yancin aure babu mai hana ta. Amma bakin mutane fa? In ta yi da wuri a ce dama jira take, in ta daɗe a ce ta ƙi haƙuri da ƙaddara, wanda ya aure ta kuma wani lokacin ko sunan marigayin baya son ji a gidansa. Alhali ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar Nana Khadija ya yi aure, kuma bai daina ambatonta ba, in ya yanka akuya ma yakan aika wa ƙawayenta da nama.

In zaku nemi ɗaya ku kalla a satin nan, ku fara da na Faransan, akwai shi da fassara a rubuce a ƙasa. Amma wanda rashin nasa sabo ne don Allah kar a matsa masa sai ya kalla, musamman P.S. I Love You, wajen kiran wayar nan yana da nauyi sosai. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba in sha Allah.