Talmud a Cikin Aljihu: Yadda Yahudawa Ke Amfani da Waya Wajen Karatu da Ibada

Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malaman Yahudawa, yana da ganye 2,711. Bugaggensa kan cika kanta guda. Yau ga shi kwance cikin wayar ɗan kasuwa a New York, ko ta ɗalibi a birnin Ƙudus.

Akwai tsarin karatu da ake kira Daf Yomi, wato ganye ɗaya kullum. Rabbi Meir Shapiro ne ya kawo shawararsa a wani babban taro a Vienna a 1923: kowa, duk inda yake a duniya, ya karanta ganyen da kowa ke karantawa a ranar. Ana saukewa cikin shekara bakwai da kusan wata biyar, ba fashi. Da can matafiyi sai ya cusa katafaren littafi a jaka. Yanzu a cikin jirgin ƙasa, kan hanyar aiki, yake biya karatunsa.

Ɗauki misalin wata manhajar waya. Manhajar Sefaria ce, wadda Joshua Foer da Brett Lockspeiser suka assasa a 2011, kuma kyauta ce. Ga nassin cikin Ibrananci da Aramiyanci, ga fassara tare da shi. Taɓa jumla ɗaya, sai sharhin Rashi, malamin nan na Faransa na ƙarni na 11, ya buɗe a gefe, haɗe da ayar Attaura da aka kafa hujja da ita. A 2017 aka fara saka fassarar Rabbi Adin Steinsaltz. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda bai samu zama gaban malami yana yaro ba, domin Talmud littafi ne mai wuyar shiga, ko fara shi sai da jagora.

Sai lokutan ibada. Sau uku ake addu'a a rana: Shacharit da safe, Mincha da yamma, Maariv da dare. Lissafin yana da sarƙaƙiya, don ana raba hasken yini gida goma sha biyu, saboda haka tsawon sa'a yana canzawa da canjin yanayi da gari. Waya kan duba inda mutum yake ta fitar masa da lokacin, ta kuma nuna masa ɓangaren da Ƙudus take. Duk mai duba alƙibla a waya ya san amfanin wannan.

Allon ya jawo tambayar shari'a. Haramun ne a goge sunan Allah idan an rubuta shi. To, idan ya fito a allo aka rufe shafin fa? Malamai da yawa sun ce hasken allo ba rubutu ne tabbatacce ba, don haka babu laifi.

Ranar Juma'a kuwa wayar ke yin aikinta na ƙarshe a mako. Takan sanar da lokacin kunna kyandir na shiga Asabar, ranar hutun Yahudawa, yawanci minti 18 kafin faɗuwar rana, a Ƙudus minti 40. Daga nan masu riƙo da al'adar Orthodox, wato masu bin shari'ar addinin sau da ƙafa, sukan ajiye ta har kusan awa 25, sai taurari sun fito daren Asabar. Ganyen ranar Asabar a takarda ake karanta shi.

Wasu ma ba su yarda da wayar zamani ba gaba ɗaya. A cikin al'ummar Haredi ta Isra'ila, wato masu tsananin riƙo da addini, tun tsakiyar shekarun 2000 ake sayar da "wayar kosher", wato wayar halal, mai hatimin kwamitin malamai: ba intanet, ba saƙon tes, ba kyamara. Su ma ba su rasa karatu ba. Sukan buga lambar wani layi, irin na Kol Halashon, su kara wayar a kunne, su saurari malami yana bayanin ganyen ranar.