Jawabin Maraba ga Mai Girma Ministan Sufuri a Ziyararsa ga Tsohon Kan Jirgin Kuza a Jos

Mai girma Ministan Sufuri na Tarayya, iyayenmu sarakuna, shugabannin addini, dattawanmu tsofaffin ma'aikatan reluwe, manyan baƙi maza da mata, assalamu alaikum, barkanmu da wannan rana.

A madadin kwamitin tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'ya'yan ma'aikatan kuza na garin Jos, muna yi maka barka da zuwa, barka da hanya, da fatan ka iso lafiya. Aikin da kake yi wa ƙasa ba ya buƙatar mu tsaya bayaninsa, domin kowa yana gani, kuma barin ofis da ka yi ka hawo tudun Filato don ka duba tsohon ƙarfe da idonka ya isa shaida cewa kai shugaba ne mai daraja na baya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye maka abin da ya tara mu ba, kuma ba za mu ajiye shi sai ƙarshen jawabi ba. Roƙonmu shi ne rumfa. Muna roƙon a gina wa wannan kan jirgi da ke tsaye a gabanka rumfa mai rufin kwano, da daɓen siminti, da shinge, kafin damina mai zuwa ta sauka a kansa. Duk abin da za ka ji bayan wannan, bayani ne na dalilin da ya sa dattawa masu furfura suka bar gidajensu da sanyin safiya suka zo roƙa wa ƙarfe inuwa.

Kafin zuwan jirgi, kuzar da ake haƙowa a wannan tudu a ka ake ɗaukarta. 'Yan dako ne suke saɓa buhuna su gangara da ƙafa har Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa, daga nan a zuba ta a jirgin ruwa. Da dogo ya iso Zariya da Kano, sai kamfanonin kuza suka matsa wa gwamnatin Turawa lamba, aka fara shimfiɗa wani siririn dogo daga Zariya a 1911. Ya kai Rahama a 1912, ya hawo dutse ya iso Jos da Bukuru a 1914, shekarar da aka haɗe Kudu da Arewa. A takardun Turawa ƙaramin dogon Bauchi ake kiransa, domin a lokacin Jos tana ƙarƙashin lardin Bauchi. Tsawonsa ya haura kilomita 200, faɗinsa kuwa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, alhali babban dogo ƙafa 3 da inci 6 ne, shi ya sa duk kayan da ya sauko da su sai an sauke su a Zariya an sake loda su a manyan taragu.

Muna so mai girma Minista ya dubi ƙanƙantar wannan kan jirgi, sannan ya tuna cewa Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200. Da wannan 'yar tukunya, da itace ko kwal, da ruwan da ake ɗura masa a tasha bayan tasha, ya riƙa jan taragu yana hawa. Fayaman yana tsaye yana watsa kwal da shebur a bakin wuta, zufa tana karyo masa ko da a tsakiyar hunturun Jos ne, direba kuma hannunsa a kan linzami, idonsa a kan agogon tururi. Iyayenmu sun ba mu labarin rashin saurinsa a wurin hawa, da yadda tartsatsin wuta yake huda wa fasinja riga, amma ba mu taɓa jin ɗayansu ya ambace shi da raini ba. A bayansa aka hawo da injunan haƙa, da gishiri, da kananzir, da atamfa, a bayansa kuma dubban mutane suka zo neman abinci suka zama 'yan gari. Birom da Afizere da Anaguta, Hausawa da Fulani, Yarbawa da Ibo da Urhobo, kowa yana da kakan da ya haƙi kuza, ko ya yi dakonta, ko ya sayar wa leburori tuwo a bakin tasha. Garin da ya sha jarrabawa irin wadda Jos ta sha yana da buƙatar abin da kowane ɓangare zai nuna ya ce namu ne, kuma wannan kan jirgi yana cikin 'yan abubuwan da ba a taɓa jayayya a kansu ba.

Tarihin yana da ɗaci, kuma ba za mu haɗiye shi don muna gaban babban baƙo ba. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuzar can, sai aka juyo kanmu. Aka yi ɗiban gwamna, aka kwaso talakawa daga lardunan Arewa aka kawo su aikin tilas a ramukan kuza, da yawa cikinsu sanyi da yunwa da cuta suka kashe su, ba su koma gida ba. Arzikin ya bi dogo ya gangara teku. Abin da aka bar mana shi ne kududdufai masu cin yara da dabbobi, da gonakin da aka birkice ƙasarsu, da wannan kan jirgi. A ganinmu, idan ƙasa ba ta iya biyan waɗancan bayin Allah haƙƙinsu ba, mafi ƙarancin abin da za ta yi shi ne ta kare shaidar wahalarsu daga ruwan sama.

Tun daga 1927, da babban dogo ya iso Jos ta Kafanchan yana kawo kwal kai tsaye daga Inugu, ƙaramin dogo ya fara rasa kaya, motoci kuma suka ƙarasa shi, har aka rufe shi a 1957. Aka kwashe ƙarafunan, ciyawa ta rufe hanyar. Muna yaba wa waɗanda suka yi hangen nesa suka hana a yanka wannan kan jirgi a sayar, a garin da ya riga ya san darajar kayan tarihi tun da Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952.

Sai dai tsira daga masu yanka ba tsira ba ce daga tsatsa. Idan an kammala jawabai, muna roƙon mai girma Minista ya matso kusa, dattawanmu su nuna masa. Bututun hayaƙi a buɗe yake yana kallon sama, duk ruwan da aka yi daga Afrilu zuwa Oktoba ta nan yake shiga ya kwanta a ɗakin hayaƙi, ya haɗu da tsohuwar toka ya zama abin da ke cin ƙarfe daga ciki. Tsakanin tukunya da farantin da ya lulluɓe ta akwai abin da aka cusa don riƙe zafi, wanda yanzu ruwa yake riƙewa, shi ya sa za ka ga fenti lafiya lau a waje, amma ka danna da ɗan yatsa ƙarfen ya marmashe. Katakon ƙarƙashin dogo ya ruɓe, ƙafafun sun fara nutsewa. Tagulla kuwa, wadda ita ce adon kowane kan jirgi, idon 'yan gwangwan yana kanta dare da rana. Ba mu ɗora laifin nan a kan kowa ba, domin mun san masu kula da wurin suna yin iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da ke hannunsu. Fenti kawai ba zai yi magani ba, an sha shafawa, damina biyu take wanke shi.

Rumfar da muke nema ba gini ne na alfarma ba. Ginshiƙan ƙarfe ne da rufi mai faɗin da zai hana feshin ruwa da ƙanƙara isa jikinsa, gefuna a buɗe don iska ta riƙa ratsawa ta busar da danshi, daɓe mai magudana, ɗan guntun dogo a kan sabon katako, shinge mai ƙofa, da fitila da ɗakin maigadi. Magina da masu walda na garin nan za su iya gama ta cikin rani ɗaya. A Minna an adana kan jirgin Wushishi, a Ebute Metta ta Legas an mai da gidan Jaekel wurin tarihin reluwe, kuma ba mu ga dalilin da zai sa Jos, wadda kuzarta ta ciyar da dogo shekara da shekaru, ta zama ta baya ba.

Idan an yi masa rumfa, muna da sauran buƙatu. Muna roƙon a turo injiniyoyin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya su duba shi tare da ma'aikatan Hukumar Gidajen Tarihi, a kankare tsatsa, a toshe bututu, a shafa mai da fenti irin nasa na asali. Muna roƙon a naɗi muryoyin dattawan da suka yi aiki da jirgin kwal tun suna raye, domin kowace shekara muna binne wasu, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kowane littafi. Muna da burin wata rana a shimfiɗa ɗan gajeren dogo da 'yan makaranta da masu yawon buɗe ido za su riƙa hawa, ko da wani inji ne zai ja taragun, tun da hura wuta a tsohuwar tukunya sai ƙwararru sun tabbatar da lafiyarta. Haka kuma, mun ga jirgin Abuja zuwa Kaduna tun 2016, mun ga na Legas zuwa Ibadan, mun yi murna, muna kuma jiran ranar da tashar Jos za ta sake cika da fasinja.

Waɗannan duka za su iya jira, ranka ya daɗe, amma rumfa ba za ta jira ba, domin idan tukunya ta ɓule babu abin da injiniya zai zo ya duba. Mun haɗa zanen ginin da ƙiyasin kuɗinsa a takardar da shugaban kwamiti zai miƙa maka yanzu, kuma mun yi alkawarin cewa sharar wurin da sa ido a kansa mu da 'ya'yanmu za mu ɗauka. Muna roƙon ka sa hannu a ba da umarni kafin ruwan farko na watan Afrilu.

Allah ya taimaki mai girma Minista, ya mai da shi gida lafiya tare da 'yan rakiyarsa. Mun gode.